Kududdufin Bayan Raga

Da ana iya mayar wa mutum da rana guda ya sake ta, da wata Lahadi zan roƙa a dawo mini da ita, in zauna a gida in aiki wani. Ba wani babban abu na yi a ranar ba. Na taka da ƙafata zuwa ƙofar gidan wani mutum, na tambaye shi abu, ya ce to. Ban zage shi ba, ban ɗaga masa murya ba, da dariya ma muka rabu. Sai dai na san abin da nake yi, shi ma ya san na sani. Karatuna bai wuce firamare ba, saboda haka zan faɗi abin yadda ya faru, ba ƙari.

A unguwarmu a Birnin Gwari akwai filin ƙwallo. Mu sitadiyam muke ce masa. Baƙi idan sun zo sukan tsaya a tsakiyarsa su tambaya ina sitadiyam ɗin. Asalinsa gonar wani dattijo ce da ta gaji, ya bar mana muna samari. Mu muka auna shi da taku, kuma wanda ya yi mana awon gajere ne. Ni ne mai tsaron raga a lokacin, shi ya sa har yau, da furfurata da jikokina, rabin gari Gola suke kirana.

A hankali gari ya yi ta matsowa. Duk wanda zai ja katanga a gefen filin sai ya ci taku ɗaya, tunda filin na kowa ne, wato ba mai shi. Kafin mu farga gidaje sun rufe gabas da yamma da kudu. A kusurwar kudu, mai bugun kwana sai ya ja baya ya shige lungu, ba a ƙara ganinsa sai ƙwallo ta fito. A kudun kuma akwai gidan wata Hajiya da ƙwallo ke yawan faɗawa. Ba a shiga gidan, sai a tsaya a bayan katanga a yi sallama. In tana daka sai ta gama, in tana salla sai ta idar ta yi lazimi, alƙalin wasa yana tsaye da usur a baki. Sau ɗaya ƙwallo ta faɗa mata cikin tukunyar talge. Ta jefo mana ita da zafinta, aka ci gaba da wasa.

Arewa kaɗai ce ba gida sosai, domin a nan kududdufi yake, daf da bayan raga. Ramin da aka haƙi ƙasar ginin unguwar ne tun zamanin iyayenmu. Duk ruwan saman da ya sauka a unguwa yakan fita ta rariyar kowane gida, ya biyo lunguna, ya gangaro can ya kwanta. Ba wanda ya kai ni sanin wannan ramin. Duk ƙwallon da ta haura sandar raga ni nake shiga in ɗauko. Na san inda yake kai gwiwa, na san inda yake kai wuya, na kuma ga yadda yake cika a wuni guda in an yi ruwan Agusta. Na faɗi wannan tun yanzu don kada wani ya yi mini uzurin rashin sani.

Sana'ata sayen hatsi ce a ƙauyuka. A wata damina, tun ana shiga daji ba fargaba, motar da na ɗauko ta kafe a taɓo kusa da Gwaska, har wani ƙarfe ya karye a ƙarƙashinta. Wani manomi ya ɗauke ni ya kai ni gidansa, na zauna har aka kawo ƙarfen daga gari. Kirista ne. Ya shimfiɗa mini tabarma, ya nuna mini gabas, ya kamo kaza ya miƙo mini wuƙa ya ce in yanka da hannuna don in ci da natsuwa. Na ga rumbunansa sai na fara tsokanarsa da Sarkin noma, ko da yake ba wanda ya naɗa shi. Shi kuma ya ji direba yana ce mini Gola, ya riƙe. Haka muka ci gaba da kiran juna shekara da shekaru.

Da 'yan bindigar daji suka tashi ƙauyen su Sarkin noma, wata rana na ɗaga kai a shago sai na gan shi tsaye da matarsa da 'ya'yansa. Kowa da ƙunshin tufafi, shi kuwa rabin buhu ne a kansa. Na ɗauka abinci ne. Ashe zangarniyar dawa ce, wata iri mai jan kai wadda ya gada wurin mahaifinsa, shi ma wurin nasa mahaifin. Ya ce ba a sayar da ita a kasuwa, kuma bai san wanda ya fito da ita ba in ba shi ba.

Ina da wani ɗan fili na gado a bakin kududdufin, wanda ba mai so saboda sauro. Na ba shi. Ya haƙi ƙasa a ramin ya yi tubali, ya tayar da ɗakuna biyu da ɗan rumbu mai jinka wanda bai fi tsawon mutum ba. Gonarsa ba ta shiguwa, sai ƙodago yake yi a gonakin bakin gari. Amma kowace damina yakan ja 'yan kunyoyi a gaɓar kududdufin ya shuka dawar nan. Ba don ci ba. Ya ce iri in ya daɗe a ajiye mutuwa yake yi, dole a riƙa sabunta shi har ranar da za a koma gida.

Ana nan aka naɗa ni ciyaman na kwamitin fili. Dalili biyu ne: na taɓa tsaron raga, kuma akwai dogon benci a ƙofar shagona. A shekarar ne aka shirya wata gasar kofi ta unguwanni da garuruwan kusa, muka nemi a kawo wasu wasanni filinmu. Masu shiryawa suka zo dubawa da ƙungiyarsu, aka yi wasan gwaji. Golansu ya ɗauki ƙwallo ya buga daga ragarsa, ta wuce kan kowa, ta haura ragarmu, ta faɗa kududdufi. Babbansu ya ce filin yana da kyau, sauran rabin ne bai gani ba. Aka ce in mun ƙara tsawo, muka kuma sami inda 'yan kallo za su tsaya, za a duba.

Maganar nan ta tsaya mini a rai fiye da kima. Ni da nake da jikoki, na riƙa kwana ina tashi da tsawon fili.

To, a wurinmu akwai yadda ake neman abu mai nauyi a hannun mutum. Ba ka zuwa da kanka. Dattijo kake samu ka aika, ya je shi kaɗai, su zauna a zaure. Amfanin haka shi ne mutum yana iya ce wa ɗan aike a'a ba tare da ya kalli idonka ba, gobe ku haɗu ku gaisa kamar ba a yi komai ba. Wanda ya zo da kansa kuwa, musamman in yana da wani alheri a kanka, ya rufe maka ƙofar a'a. Ko yaro ya san wannan.

Ɗan aiken unguwarmu wani tsohon tela ne, mai sanyin magana. Shi muka tura wa maƙwabtan fili, kowa a roƙe shi ya ja katangarsa baya kaɗan. Ya yi ta zuwa yana dawowa. Alhajin gabas ya ce da ransa da lafiyarsa yana son ci gaban matasa, sai dai daidai wurin ne shaddarsa take. Na yamma suka ce gidan gado ne ba a raba ba, magada suna Kano da Legas, akwai ma wanda ba a san inda yake ba, amma da zarar sun taru za a sanar da mu. Hajiya ta ce a gaya wa Gola ta ji, kuma har yanzu ba wanda ya zo ya ba ta haƙurin talgenta. Duk suka ƙi, kuma duk muka ci gaba da gaisawa lafiya lau.

Sai kocinmu, wani matashi mai yawan zumuɗi, ya ce tunda gidaje sun ƙi motsi, a cike kududdufi a tura raga can. Kowa ya ce shawara ta yi. Ni ma na ce ta yi. Mai unguwa ya ce kududdufi ba na kowa ba ne, amma akwai mutum zaune a bakinsa, kuma gidansa ne ƙarshen gangare, sai an ji ta bakinsa.

A shagon tela aka yi maganar. Ya miƙa hannu ya ɗauki hularsa.

"In je yanzu, ko sai ya dawo daga gona?"

"Bar shi, Baba," na ce. "Wannan mutumina ne. Ni zan je."

Ya dube ni ta saman tabarau. Ya mayar da hular kan keken ɗinki.

"To, Gola."

Na san in tela ya je, amsa ɗaya zai kawo, irin wadda sauran suka bayar. Shi ya sa ban bar shi ya je ba. Kuma ban tafi ni kaɗai ba. Na zaɓi Lahadi da rana, lokacin da na san ya dawo daga coci. Na ɗebi mai unguwa da koci da 'yan kwamiti, 'yan wasa kuma suka biyo mu ba a gayyace su ba. Muka same shi a ƙofar gida cikin rigarsa ta fita, guda ɗayar da ya mallaka. Ya rasa inda zai zaunar da mu, aka tsaya a tsaye.

"Sarkin noma, an sauko lafiya? An sa mu a addu'a?"

"An sa ku, Gola. Na roƙa muku ku ci wasa ko sau ɗaya bana."

Aka yi dariya. Daga nan na buɗe baki. Na yi magana a kan matasa, da zaman banza, da yadda ƙwallo ke riƙe yaro a gari kada daji ya ja shi. Duk gaskiya ne, kuma na san shi ya fi kowa sanin abin da daji yake yi. Da na gama sai na ce abu ɗaya ya rage, mu ji ko ya yarda a cike ramin.

Hausa ba ita ce harshen gidansu ba, yana yin ta a hankali, yana zaɓen kalma.

"Ruwan fa? Ruwan unguwa ina zai je?"

"Za a yi lambatu," na ce.

Ba wanda ya taɓa ambaton lambatu a kwamiti. A nan tsaye na ƙirƙiro shi. Koci ya gyaɗa kai kamar shi ya zana.

Sarkin noma ya dubi mutanen da suka cika masa ƙofa. Ya dubi ƙasar da yake tsaye a kai, wadda ni na ba shi. Sannan ya dube ni.

"Ai wurin naka ne, Gola. Ba komai."

Mai unguwa ya ce kowa ya shaida. Wani cikin 'yan wasa ya tambaye shi dawarsa ta bakin ruwa fa. Ya ce bana sai ta huta a rumbu.

Aikin gayya muka yi kafin ruwa ya sauka. Masu tifa suka taimaka da jar ƙasa, magina suka kawo ɓaraguzan tsofaffin gine-gine, mata suka dafa dambu, har da mai ganga. Kwaɗi suka yi ta fitowa suna neman inda za su. Tun safe na hango Sarkin noma da kwandonsa, yana ɗibar ƙasa yana zubawa a ramin tare da kowa, daidai inda kunyoyinsa suke. Ya fi samari aiki. Na yi masa sannu, ya ce yawwa.

Lambatun ma an yi. Zurfinsa bai wuce bakin fartanya ba. Ya tashi daga kusurwar fili ya nufi gabas, ya je ya tsaya a gindin katangar Alhaji, inda masu haƙa suka gaji. Muka tura raga kan sabuwar ƙasa, muka ɗaga wurin ya fi tsohon fili tudu don kada ruwa ya kwanta wa gola. Wannan ma shawarata ce, ta tsohon gola.

Bayan ruwan farko, matar Sarkin noma ta zo wurin matata da ɗan ƙullin daddawa. Suka yi hirarsu ta tafi. Da na dawo, matata ta ajiye mini abinci ta zauna.

"Matar Sarkin noma ta zo. Ta ce ruwan shekaranjiya ya kwana a tsakar gidansu, har gindin rumbu ya jiƙe."

"Allah ya kyauta."

"Malam, ba ni ta zo gaya wa ba. Kai aka aiko wa."

Na san haka. Su sun bi hanyar da ta dace, sun aiko ta bayan gida don kada in ji kunya. Na ce da zarar an gama gasa za a faɗaɗa lambatu. Matata ta ce ashe ruwa ma yana jiran a gama gasa. Ta kwashe kwanuka.

A watan Agusta, wata rana bayan azahar, hadari ya taso daga wajen daji. Ruwa ne irin wanda muka saba, ba wani na musamman ba. Ina shago ina kallon sa yana fita ta rariyoyi, yana cika lungu, yana gangarawa arewa kamar yadda yake yi tun kafin a haife ni. Ya isa inda ya saba kwana ya tarar an yi tudu. Ya gwada lambatu, lambatu ya kai shi katangar Alhaji, wadda ta siminti ce. Sai ya juyo ya shiga gida ɗaya da ya rage a ƙasa, gidan Sarkin noma.

Kafin la'asar katangar baya ta kwanta. Ɗaki ɗaya ya bi ta. Rumbun bai faɗi ba, zama ya yi, gindinsa ya narke, jinkar ta sauko ta rufe shi kamar faifai. Allah ya kiyaye ba wanda ya ji rauni, domin tun da ruwa ya kai ƙauri ya fitar da iyalinsa zuwa zauren maƙwabta. Da ruwan ya yi ƙarfi ya ɓalle ta gefen sabuwar ƙasa, ya share kan filin ya wuce da abin da ya samu.

Da aka ɗauke na je. Na same shi tsaye cikin ruwa har gwiwa, ya ɗaga jinkar rumbu yana lalube da hannu a cikin taɓo.

"Sannu, Sarkin noma."

"Yawwa, Gola." Ya miƙe ya share hannu a riga. "Na duba muku filin. Raga tana nan, ba abin da ya same ta."

Mutane suka taru suna cewa ikon Allah ne. Ni ma na faɗa, kuma na fi kowa ɗaga murya.

Na kai su gidana. Na ce za a sake gini, wannan karon da bulo. Ya yi godiya, ya ce dama babban ɗansa da ke bayan garin Kaduna ya daɗe yana kiran su. Ba su jima ba. Ranar da motoci za su tashi a ayari da rakiya, na raka su tasha, 'yan kwamiti suka biyo ni. Tasha ta cika, kowa yana son samun kujera kafin a tashi. A nan, gaban direbobi da 'yan kamasho da masu tallan gyaɗa, na kama hannunsa da hannu biyu na ce ya yafe mini. Har hawaye na yi, kuma na gaske ne.

"Haba, Gola. Ba komai."

Matarsa tana cikin mota tana kallon ɗaya tagar. Mutane suka ce kai, wannan amana ta yi. Na dawo gida da sauƙi a ƙirjina.

Bayan 'yan kwanaki koci ya aiko a kira ni fili. Gaban sabuwar raga ya yi kore shar, shi kuma yana murna wai ciyawa ta fito da kanta kamar ta filayen talabijin. Na durƙusa na duba. Ni mai sayen hatsi ne, ba sai an gaya mini ba. Dawa ce. Ruwa ya kwaso ta daga rumbu ya baza a kan jar ƙasa, ta kama. Tun daga bakin raga har wajen bugun fanareti. Na gaya wa koci.

"Ciyaman, dawa kuma? To a bar ta ko a cire?"

Ana dashen dawa. Da na sa an cire da saiwa an kai bayan gidana, ko an bar ɗan gefe guda an kewaye da ƙaya, da wani abu ya tsira. Aikin yamma ɗaya ne. Amma masu shirya gasa za su zo dubawa washegari, kuma ban so su tarar da gona a cikin sitadiyam. Ban kuma so a yi ta tambayar daga ina dawa ta zo.

"A cire," na ce.

'Yan wasa suka bi layi suka tuge, suka tara a gefe. Awakin Hajiya suka ƙarasa aikin.

An kawo mana gasar. A wasan farko aka fitar da mu. Aka yi jawabai, aka yaba wa ciyaman, aka ba ni wata hula wadda ta yi mini kaɗan. Damina ta gaba ƙasar da muka zuba ta fara lotsawa, gola ya riƙa tsayawa cikin taɓo har idon sawu, ƙwallo in ta faɗi a gabansa ba ta tashi. Ta bayanta kuma sandar raga ɗaya ta nutse ta karkace. Kwamiti ya zauna a kan bencina aka yanke shawarar mayar da raga inda take tun farko. Yau tsawon filinmu bai wuce yadda gajeren mutumin nan ya auna shi ba. Kududdufi ya dawo rabi. Inda gidan Sarkin noma yake, nan 'yan kallo ke ajiye babura.

Na yi shekaru ina gaya wa kaina ai ya yafe. Wata rana na faɗa a gaban matata, tana tsince shinkafa, ba ta ko ɗago ba.

"A tasha ka roƙe shi, kana riƙe da hannunsa, duniya tana kallo, ga shi daga gidanka ya fito. Me kake so ya ce?"

Sai a lokacin na ga abin da na yi. Yadda na karɓi yardarsa haka na karɓi yafiyarsa, da kaina, a gaban mutane. Hanya ɗaya na bi sau biyu.

Tela ya riga ya rasu. Sai na sami wani dattijon direba da ke bin hanyar Kaduna, mutum mai riƙe magana, wanda ya san unguwar da suke. Na ce ya je shi kaɗai, ya zauna da shi, ya ce Gola ne ya aiko neman gafara, kuma duk amsar da ya bayar a kawo mini ita yadda take. Hanya ba kullum take biyuwa ba, ya ɗauki lokaci kafin ya dawo. Ya same ni a benci, muka gaisa, ya ƙi zama sai da muka shiga cikin shago.

"Na same shi. Yana gadi a wani gidan bulo, ƙafa ta fara ba shi wahala, amma lafiya lau. Ya ce a gaishe ka. Ya ce maganar ɗaki a bar ta, ƙasa ce ta koma ƙasa."

"Alhamdu lillahi."

"Da saura. Ya ce in tambaye ka, da ruwa ya tafi da dawar, ba ta fito a wani wuri ba? Ya ce dawar nan ko ina ta faɗi sai ta gwada. Ya ce ko zangarniya ɗaya wani ya samu, a taimaka masa da ita, ɗansa ya sami ɗan wuri a bayan gida."

Direba ya jira. Ba wanda ya san wannan maganar sai ni da koci, shi kuwa koci har yau ciyawa ce ta ɓata masa rai, ba dawa ba. Ina iya cewa ba ta fito ba, a wuce wurin.

"Ka ce masa ta fito," na ce. "Ta fito da yawa, a gaban raga. Na gane ta. Ni na sa aka cire."

"Haka zan faɗa?"

"Haka."

Da ya sake dawowa ban bari ya gama gaisuwa ba, na tambaye shi me ya ce.

"Ya ce ya ji."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Na ɗan ƙara zama ko zai ƙara wani abu. Sai ya tambaye ni labarin hanya."

Wannan karon bai ce "ba komai" ba. Tun da na san shi a gari, wannan ce amsa ta farko da na bar shi ya ba ni da ƙofa a buɗe, kuma ita ce nake zaune da ita. Na bi 'yan Gwaska da ke cikin gari gida gida ina tambayar dawa mai jan kai. Wasu sun tuna da ita. Ba wanda yake da ita.

Yanzu in ana wasa nakan je in tsaya ta wajen babura, ƙwallo takan haura raga ta faɗa rabin kududdufin, gola ya naɗe wando ya shiga. Abin da nake roƙon wanda ya karanta wannan ba shi da yawa. In akwai mutumin da ka taɓa yi wa alheri, kuma kana neman wani abu a hannunsa, ko fili ne ko yafiya, kada ka yi irin tawa. Kada ka je da kanka, kada ka ɗebi jama'a. Ka aiki wani shi kaɗai, ka zauna a gida, ka karɓi abin da ya kawo. In kuma za ku cike rami, ku fara tambayar gidan wa ruwan zai kwana.